Gashin doki a kan amarya: wa ya ce sai da shi?

Da asubahin ranar da za a kai ƙanwata ɗakin mijinta, mu uku muka taru a kanta muna fama da gam. Daren jiya an yi dina. Tun la'asar mai kwalliya ta manna mata furontal, wato ragar nan mai gashi da ake liƙawa a gaban goshi, ta kuma ja kunne cewa kada ruwa ya taɓa wurin, don akwai sauran hotunan da ba a ɗauka ba. Ladan ya yi kiran salla, yarinya ta tashi ta ɗauki buta, sai ta tsaya a bakin rariya tana kallona. Ta ce, "Yaya, yaya zan yi da shafar kai?" Muka nemo man zaitun da auduga muka yi ta jiƙa bakin abin muna ɗagawa a hankali, tana cije leɓe. Da ya fita, sai ga ƙananan gashin gaban goshinta a manne a jikin ragar, wurin kuma ya yi ja. Gari ya yi haske sosai kafin ta samu ta yi salla. Magariba da lisha na jiya kuwa ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Tun daga ranar nake da ra'ayi a kan wannan abu, kuma zan faɗe shi kai tsaye. Ƙarin gashi, ko atach ne da ake kitsawa, ko hular gashi, ko wanda ake mannawa da gam, ba shi da gurbi a kan amarya. Amma in za a jera masu laifi a wannan lamari, yarinyar da aka ɗora wa shi ita ce ta can ƙarshen layi, ita ce kuma kullum ake fara zagi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, amaryar Bahaushe ai kanta a rufe yake. Ranar sa lalle a lulluɓe take. Ranar kamu a lulluɓe take, sai dangin ango sun ajiye kuɗi kafin ƙawaye su bari a ga fuska. Ɗaurin aure ba ta ma wurin. Walima hijabi ne ko lifaya. Ranar kai amarya ko gabanta ba ta gani saboda mayafi da kuka. Buɗar kai ma, duk da sunansa, fuska ake buɗewa. A wurin dina, inda ake ganin an waye, gwaggwaro ne a kanta kamar rumfa. To me ya rage? Faɗin yatsa biyu na gaban goshi, da 'yar jelar da ake sakowa ta ƙeya. Domin wannan yatsa biyun ake sayen hular gashin da wani lokaci kuɗinta ya fi sadakin da aka karɓa a ƙofar masallaci. Wadda ba ta da hali kuma ta karɓi haya a wurin mai kwalliya, gashin da ya kwana a kan wata amaryar makon jiya, zai kuma koma kan wata mako mai zuwa. Da Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara, ban zaci za a kai ga ranar da za a yi hayar gashi ba.

Wa yake buƙatar wannan yatsa biyun? Kyamara ce. Bikin yanzu rabinsa don mahalarta ake yi, rabinsa don Instagram da TikTok. Mai kwalliya tana son hoton da za ta ɗora a shafinta ya yi daidai da na takwarorinta na Legas da Abuja, domin da shi take samun ciniki. Ita a wurinta gaban goshi zane ne da bai cika ba sai an shimfiɗa masa siraran gashin nan da ake lanƙwasawa da buroshi. Don haka a dunƙule take sayar da aikin: hoda, gashin ido, furontal, ɗauri. Yarinya 'yar shekara ashirin, wadda kwana uku ba ta yi barcin kirki ba, kowa yana ja ta nan yana ja ta can, ina ta ga ƙarfin da za ta ce a cire mata ɗaya daga ciki? In ma ta buɗe baki, ƙawaye za su rufe ta da "haba, rana ɗaya ce fa."

Amma kyamara baƙuwa ce a cikinmu. Kafin ta zo akwai idon dangin miji, kuma ya fi ta kaifi. Duk macen da ta taɓa raka amarya ta san abin da nake nufi. Ana sauke yarinya, ana fesa turare ana buɗa, sai ka ga wata gwaggo ta kai hannu wai gyara mata ɗankwali za ta yi. Ƙarya ne, awo take yi. Kafin a watse labari ya zaga tsakar gida: "Kyau kam akwai, sai dai ba gashi." Wannan magana tana iya bin mace shekaru, a riƙa jefo ta ranar suna, a riƙa jefo ta ranar da aka yi mata kishiya. Mun tashi muna karanta littattafan soyayyar da kowace tauraruwa a ciki gashinta har gadon baya, sai ka ce 'yar Indiya ko Balarabiya, mun kuma girma a gaban finafinan Indiya. A hankali muka yarda a zuciyarmu cewa gashin da Allah ya ba yawancin 'ya'yanmu, mai cika da murɗiya, wanda yake takurewa in ya sha ruwa, naƙasa ce da ake ɓoyewa ranar biki. Uwar da ta sayo wa 'yarta gashin doki sau da yawa bakin mutane take ƙoƙarin toshewa.

Wannan ne ya sa hadisin da ake kawowa a kan wannan magana yake taɓa ni fiye da yadda masu wa'azi suke karanta shi. Yawanci ƙarshensa kaɗai ake faɗa, wato tsinuwa ga mai ƙarin gashi da wadda ta nemi a yi mata. Ba a cika faɗin mafarinsa ba. Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya ƙara musu yarda, ta ruwaito cewa wata mata ce ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana da 'ya amarya, ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, ko za ta iya yi mata ƙari? Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. A ruwayar Nana A'isha kuwa matar cewa ta yi mijin yarinyar ne ya umarce ta da ta ƙara mata gashin. Amsar da ta samu ita ce a'a. Dubi yadda labarin yake: amarya ce, uwa ce cikin damuwa, cuta ce ta jawo, ango ne yake matsa lamba. Duk uzurin da muke kawowa yau yana cikin wannan tambaya, har da ƙari. Imamu Bukhari ma ya sanya ruwayar A'isha a ƙarƙashin babin da ya ce mace ba za ta yi wa mijinta biyayya a kan saɓo ba. A fahimtata, amsar nan ta fi sauka a kan masu matsa lamba. An gaya wa ango da danginsa ne cewa su karɓi yarinya da kan da take da shi.

Wannan ruwaya ta kuma amsa wata hujja da nake yawan ji, wadda ni ma na taɓa riƙe ta. Ana cewa an hana ƙarin gashi ne saboda yaudara, yanzu kuwa wa ake yaudara? Kowa a zauren dina ya san gashin kanti ne, ango ma watakila shi ya tura kuɗin. Gaskiya ne, babu wanda aka rufe. Amma mijin da ke cikin hadisin nan ma ai ba a rufe shi ba, shi ne ya nema. Kuma in ka tsaya ka yi tunani, sanin da kowa ya yi ya fi muni. Ma'anarsa mun haɗu mun amince cewa na ƙarya da kowa ya sani ya fi na gaskiya da take da shi cancantar shiga hoto.

Ba zan ɓoye cewa malamai sun yi saɓani a kan wani yanki na maganar ba. A kan gashin ɗan Adam matsayar da aka sani a mazhabobi huɗu ita ce haramun ne. A kan abin da ba gashin mutum ba ne aka rabu. Hanafiyya sun sassauta, Laisu ɗan Sa'ad na Masar ya ce ba laifi a haɗa da ulu ko ƙyalle, an kuma ruwaito irin wannan daga Sa'idu ɗan Jubairu. Malikiyya kuwa, wadda a kanta muka yi karatun zaure, ta hana haɗa gashi da komai. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kusan duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa ya ji ta, an hana mata haɗa gashi a jumla ɗaya da yin zane a fata. Alƙali Iyad ya keɓe zaren alharini mai launi wanda bai yi kama da gashi ba, ya ce wannan ado ne kawai. Saboda haka wadda ta ce ita na roba ta sa kuma ta bi wani ƙauli, ba zan ce ta fita daga da'ira ba. Sai dai a gaya wa juna gaskiya, amaren yanzu ba ulu suke nema ba. Abin alfaharin shi ne a ce na mutum ne tsantsa, wanda mazhabobi huɗu suka haramta.

Wata tsohuwa ta taɓa ƙalubalantata da kitson doka. Ta ce su a zamaninsu ai ana cusa tsumma a tsakiyar kai a kitsa gashi a kansa ya yi tudu, ba wanda ya ce musu komai. Na ce Hajiya, wa ya taɓa kallon doka ya ɗauka tsumman gashi ne? Gashinki ne a sama, hannun makitsiya ne ya gina shi. Ta yi dariya ta ce kuma sai ya yi wata ba a tsefe ba, ana fama da ƙaiƙayi. Ashe ko a da ma an sha wuya don ado.

Mu koma kan butar ƙanwata, don a nan ne abin ya fi damuna. A Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, kuma a kan gashi ake yi, ba a kan abin da aka ɗora ba. Gam ɗin furontal kuwa a kan fatar goshi ake shafa shi, ƙasa da matsirar gashi, wurin da yake cikin iyakar fuska da dole ruwa ya wanke. Ga kuma wanka. Addini ya sauƙaƙa wa mace, Ummu Salama ta tambaya an ce mata ba sai ta tsefe kitsonta ba, ta kwarara ruwa sau uku ya isa. Amma wannan sauƙin kitso aka yi wa, wanda ruwa yake ratsawa ya kai tushe. Ba a yi shi don raga da gam da aka ƙera musamman don su jure gumi da ruwa ba. Sai ka ga an tara mata a walima, malama ta yi awa guda tana wa amarya nasiha a kan tsarki da riƙon salla, alhali a ƙarƙashin hijabin akwai abin da ya hana alwalarta inganta tun jiya. Mu da muka shirya walimar mu ne muka biya mai gam.

Shi kansa gashin, mun taɓa tambayar daga ina ya fito? A kasuwa ana kiransa ɗan Brazil, ɗan Peru, amma mafi yawansa bai taɓa ganin waɗannan ƙasashe ba. Daga Asiya yake zuwa. A Indiya akwai wurin bautar Hindu a kan tsaunin Tirumala, kusa da Tirupati a jihar Andhra Pradesh, inda dubban masu ziyara suke aske kansu kullum don cika alwashin da suka yi wa abin bautarsu, hukumar wurin kuma ta tara gashin ta yi gwanjonsa. Wani kuma a ƙauyuka ake bi gida gida ana sayen wanda ya maƙale a mataji, a tsefe shi a jera. Daga nan da yawansa ya wuce Chaina, musamman birnin Xuchang na lardin Henan, inda ake wanke shi da sinadarai, a rina, a ɗinka, a sa masa sunan da zai sayu, ya biyo jirgi ya sauka a Legas, ya iso shagunan Sabon Gari. A shekarar 2004 manyan malaman Yahudawa masu tsauri a Isra'ila sun haramta wa matansu hular gashin da aka yi da gashin wuraren bautar Indiya, har aka riƙa ƙona su a titi. Mu kuwa da ba ma yarda a bar tsefaffen gashinmu a tsakar gida, iyayenmu suna sa a tattara a binne ko a cusa a ramin bango don kada wani ya ɗauka, mu ne muke ɗora na wata baiwar Allah da ba mu san ta ba a kan 'yarmu a daren da muka fi tsoron baki da ido.

Na roban ma ba a bar shi a baya ba. Zare ne na sinadari, irin su Kanekalon na kamfanin Kaneka na Japan. A farkon 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 10 na gashin roba da ake kitso da shi, ta ce ta sami sinadarai masu alaƙa da cutar daji a cikin dukkansu, da dalma a cikin 9. Wannan ba ya nufin wadda ta sa na mako ɗaya za ta kamu da wani abu, kada a ce na ce. Amma ƙaiƙayi da ƙurajen da suke fesowa a ƙeya bayan sabon atach kowa ya san su. Abin da likitocin fata suka daɗe da tabbatarwa shi ne, jan gashi da nauyi da matsi yana cinye gaban goshi. In an bari da wuri yana dawowa, in aka nace tushen ya mutu ya zama tabo, babu man da zai tsiro da shi. Matsalar kuma ita ce abin ba ya tsayawa a rana ɗaya. Ango ya saba ganin jela, amarya tana jin kunyar ya ga kan yadda yake, balle yanzu da gaban ya ɗan cinye. Sai a sake sawa don a rufe ɓarnar na farko. Wannan ɓangaren ya shafi har 'yan'uwanmu Kirista na Jos da Kafancan da Zonkwa waɗanda hukuncin Malikiyya bai hau kansu ba, don gam bai san addinin goshi ba.

Akwai waɗanda ba da su nake ba. Yarinyar da wata cuta ta share mata kai gaba ɗaya, ko wadda ta sha maganin cutar daji, ko wadda ƙuna ta bar wa tabo, wasu malaman zamani sun ba ta damar sa hular gashi da ake ɗorawa a cire, a matsayin rufe aibi. Wannan tsakaninta ne da malaminta da likitanta, ni ba ni da bakin magana. Abin da na sani shi ne cikin amare goma da na gani da furontal, ban ga ko ɗaya mai wannan lalurar ba. Duk suna da gashinsu lafiya lau, an kitse shi an danne a ƙasa kamar abin kunya.

Su kuma maza, da yake su ne masu saurin ɗaga murya a wannan batu, ina da 'yar tambaya. Wanda yake rubuta "Allah ya tsine" a ƙarƙashin hoton amaryar wani, hotunan wa yake dannawa so da daddare? Wanda ya gaya wa budurwarsa shi fa yana son mace mai gashi, me yake so ta yi, ta shuka? Gashi a wata ɗaya bai fi ya ƙaru da kimanin santimita ɗaya ba, kuma tsawon da zai iya kaiwa gado ne. In da samari za su buɗe baki tun ranar sa rana su ce kada a sa mata komai, haka nake son ta, su kuma gaya wa yayyensu mata da gwaggwanninsu su kama bakinsu, da rabin wannan ciniki ya mutu.

Abin haushi, mun iya gyaran amarya. Muna ware mako biyu ko uku don dilka da halawa da turaren tsuguno, har daga Maiduguri ake ɗauko mai gyara. Fata tana samun haƙƙinta, gashi kuwa sai ana gobe biki ake tunawa da shi, a tura kasuwa. Alhali ga man kaɗanya, ga man shanu, ga karkashi da matan Borno suke wanke kai da shi, ga chebe na matan Chadi da yanzu har Turai ake sayarwa a kwalba. Ba sa sa gashi ya zarce iyakarsa, amma suna hana shi bushewa da karyewa, wanda shi ne ainihin abin da ke hana namu tsawo. Ga kuma makitsan unguwa da suka iya shuku da kalaba da zane ƙanana kamar an ja da alƙalami, waɗanda yanzu sai yara 'yan makaranta ake kai musu.

Da aka sa ranar 'yar yayata bara, na roƙi a bar mini kanta. Wata biyar muka yi: aka daina man miƙar da gashi, kitso mara matsi duk mako biyu, mai da wanki. Ana jibi biki wata dattijuwar makitsiya ta zo gida da kibiyarta ta zauna tun hantsi har la'asar. Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Mai kwalliya ta yi ta ƙorafin an ɓata mata aiki, ba ta ma ɗora hoton a shafinta ba. Ita kanta amaryar ta ɗan kumbura da ta ga ƙawayenta biyu sun fi ta jela. Ranar da muka kai ta, kamar yadda na zata, wata gwaggon ango ta kai hannu ta zame mayafin baya, ta leƙa, ta ce, "Af, gashin ke nan?" Innarmu da ke zaune a bakin gado ta ce, "Shi ke nan, Hajiya. Nata ne." Aka yi 'yar dariya, wata ta rangaɗa buɗa, magana ta koma kan jeren kwanuka. Da aka kira magariba amarya ta nemi buta, ƙawarta ta bi ta da gwangwanin hoda a hannu tana cewa ta yi a hankali da girar.